Shari'ar Alkamar Filburn: Yadda Tarar Dala 117 Ta Faɗaɗa Ikon Gwamnatin Tarayyar Amurka

A watan Yulin 1941 wani manomi mai suna Roscoe Filburn, wanda gonarsa ke gundumar Montgomery kusa da birnin Dayton a jihar Ohio, ya girbe alkamar da ya shuka a fili mai faɗin eka 23. Tun shekara guda kafin nan jami'an aikin gona sun sanar da shi cewa kason da doka ta yanka masa eka 11.1 ne, kuma an ƙiyasta cewa kowace eka a gonarsa tana ba da bushal 20.1, wato wani ma'aunin hatsi na Amurka wanda idan alkama ce yake kai kimanin kilo 27. Da aka auna rarar eka 11.9 da ya ƙara, sai lissafi ya ba da bushal 239, aka ɗora masa tarar senti 49 a kan kowane ɗaya, jimilla dala 117 da senti 11. Filburn ya ƙi biya, ya ƙi killace rarar a sito bisa sharuɗɗan gwamnati, ya kuma ƙi miƙa ta ga ma'aikatar noma, waɗanda su ne hanyoyi biyu da doka ta buɗe wa mai son kauce wa tarar. Maimakon haka ya garzaya kotu ya kai ƙarar Claude Wickard, Sakataren Harkokin Noma na ƙasar, yana mai cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin ƙayyade masa abin da zai shuka a gonarsa don amfanin gidansa da dabbobinsa.

Dokar da Filburn ya taka 'yar matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan rushewar kasuwar hannayen jari ta 1929 ce, ko da yake manoman Amurka sun daɗe suna kuka tun kafin wannan shekara. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun faɗaɗa gonaki, sun ci bashi sun sayi injuna don ciyar da Turai, sannan da yaƙi ya ƙare Turawa suka koma gonakinsu, aka bar su da bashin da kuma hatsin da babu mai saye. Alkamar da ake sayarwa sama da dala ɗaya kowane bushal a 1929 ta faɗo zuwa kimanin senti 38 a 1932. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne duk manomin da farashi ya karye masa, dabara ɗaya yake da ita ta biyan bashin banki, ita ce ya ƙara faɗin shuka, kuma da yake kowa haka yake yi, sai rarar ta ƙaru farashi ya ƙara nutsewa. Bankuna suka riƙa yin gwanjon gonakin da aka jinginar, a wasu yankuna aka koma ƙona masara a murhu saboda ta fi gawayin kwal araha, kuma a jihar Iowa har manoma suka riƙa tare hanyoyi don hana kai amfanin gona kasuwa.

Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a watan Maris na 1933, ɗaya daga cikin dokokin farko da ya sa wa hannu ita ce Dokar Daidaita Harkar Noma ta watan Mayu, wadda ta tanadi a biya manomi kuɗi don ya rage shuka, a kuma samo kuɗin daga harajin da aka ɗora wa masu sarrafa amfanin gona, irin su masu niƙa alkama da masaƙun auduga. Da yake an riga an yi shuka kafin dokar ta fito, a wannan shekarar aka bi da garma ta kan audugar da ta kai eka miliyan 10, aka kuma yanka 'ya'yan aladu kimanin miliyan 6, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aikin yi kuma mutane na bin layin karɓar abinci a birane. Wannan abu ya daɗe yana ci wa jama'a tuwo a ƙwarya. A watan Janairun 1936 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta soke dokar a shari'ar Butler, inda mai shari'a Owen Roberts ya rubuta cewa noma sha'ani ne na cikin jihohi, kuma tarayya ba za ta fake da haraji ta karɓe shi ba.

Tushen wannan gardama yana cikin tsarin mulkin Amurka kansa. Tsarin bai ba Majalisar Dokoki ta Tarayya ikon yin doka a kan duk abin da ta ga dama ba, jerin wasu ayyuka ya lissafa mata, sauran kuma gyara na goma ya bar wa jihohi da jama'a. Cikin jerin akwai ikon tsara ciniki da ƙasashen waje da kuma ciniki tsakanin jihohi. Shekaru da dama Kotun Ƙoli tana bambanta ciniki da samar da kaya, tana cewa noma da haƙar ma'adinai da ƙere-ƙere ayyuka ne da ake yi a wuri guda kafin ciniki ya fara, don haka tasirinsu a kan cinikin tsakanin jihohi ba na kai tsaye ba ne. Da wannan ma'auni ta rushe dokar farfaɗo da masana'antu a 1935, ta rushe ta kwal a 1936. Roosevelt, bayan ya lashe jihohi 46 cikin 48 a zaɓen 1936, ya nemi a watan Fabrairun 1937 a ba shi damar ƙara alƙalai har 6 a kotun. Majalisar Dattawa ta yi watsi da buƙatar, har da 'yan jam'iyyarsa, amma a wannan shekarar kotun ta fara sassautowa, ta amince da dokar ƙungiyoyin ƙwadago, sannan tsofaffin alƙalan suka riƙa ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbinsu da mutanen da ya zaɓa.

Dokar noma ta biyu, wadda aka sa wa hannu a watan Fabrairun 1938, an tsara ta ne da idon kauce wa ramin da ta farko ta faɗa. Ba ta ce tana hana shuka ba, cewa ta yi tana ƙayyade adadin da za a kai kasuwa. Henry Wallace, wanda ya riƙe ma'aikatar noma kafin Wickard, ya kira manufar da sunan rumbun da ba ya ƙarewa, kuma yakan kafa hujja da labarin Annabi Yusuf da ajiyar hatsi a Masar, da kuma tsohuwar al'adar ƙasar Sin ta sayen hatsi lokacin yalwa a fito da shi lokacin tsanani. A aikace, Sakatare yakan yanke faɗin filin alkama na ƙasa baki ɗaya, a raba wa jihohi, jihohi su raba wa gundumomi, kwamitocin gunduma waɗanda manoma ne suka zaɓe su kuma su raba wa gonaki. Wanda ya tsaya cikin kasonsa yana iya jinginar da alkamarsa ga gwamnati ya karɓi rance a kan farashin da aka tsayar, idan kasuwa ta haura ya sayar ya biya, idan ta yi ƙasa ya bar wa gwamnati alkamar ba tare da an bi shi ciko ba. Idan kuma aka hango rara mai yawa, Sakatare zai ayyana ƙa'idar tilas mai ɗauke da tara, amma sai an kira manoman da abin ya shafa sun kaɗa ƙuri'a, kuma idan fiye da kashi ɗaya cikin uku suka ƙi, ƙa'idar ta faɗi.

Yaƙin da ya ɓarke a Turai a 1939 bai sauƙaƙa wa manoman alkama ba a shekarun farko. Kasuwannin nahiyar Turai sun rufe, jiragen ruwa sun yi ƙaranci, sauran manyan masu fitar da alkama uku, wato Kanada da Ajantina da Ostareliya, su ma rara ta cika musu sito. Abin da Amurka ta riƙa fitarwa waje a shekaru goman da suka ƙare a 1940 bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ta noma ba a matsakaici, alhali a shekarun 1920 yakan wuce kashi 25. Sitocin hatsi suka cika har wasu suna mayar da kaya, taragun jirgin ƙasa suka tsaya cike da alkama babu wurin saukewa. Wannan ne ya sa a 1941 aka kai ga ƙa'idar tilas a kan alkama.

Ainihin ƙorafin Filburn yana cikin jerin ranaku ne. Irin alkamar da yake nomawa ana shuka ta ne kafin shigowar hunturu, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, a girbe ta a tsakiyar shekara mai zuwa, don haka ya yi shukarsa ne a ƙarshen 1940, lokacin da tarar da ke rubuce a doka senti 15 ce a kan kowane bushal. Manomin da ya san lissafinsa zai iya yanke shawarar cewa biyan senti 15 ya fi masa sauƙi a kan sayen abincin dabbobi a kasuwa. Ranar 19 ga Mayun 1941 Wickard ya yi jawabi ta rediyo yana roƙon manoma su amince da ƙa'idar, ya yi albishir da ƙarin rance, har ya nuna cewa bai kamata a hukunta manoma don sun shuka ƙari a matsayin rigakafin ƙarancin abinci a wannan lokaci na rashin tabbas ba, amma bai ambaci cewa gyaran da ke kan hanya zai ninka tarar fiye da sau uku ba. Ranar 26 ga wata gyaran ya zama doka, inda rance ya tashi zuwa kimanin senti 98, tara ta zama rabinsa, wato senti 49, aka kuma sa dukan amfanin gonar ya zama jingina har sai an biya. Ranar 31 ga wata aka kaɗa ƙuri'a, kashi 81 cikin 100 suka amince. A lokacin alkamar Filburn ta riga ta yi kai, saura makonni a sa mata lauje.

Kotun tarayya ta alƙalai uku da ta fara sauraron ƙarar a farkon 1942 ta kama wannan zaren ne. Alƙalai biyu sun ce jawabin Sakatare ya ɓata ƙuri'ar, kuma ɗora sabuwar tara a kan shukar da aka yi kafin a kafa ta ya saɓa wa adalci, don haka suka hana a karɓi fiye da senti 15. Mai shari'a Florence Allen, mace ta farko da ta zauna a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, ita ce ta saɓa musu. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta saurari ɓangarorin a watan Mayun 1942, ta kasa yanke hukunci, ta ce a dawo a watan Oktoba a yi mata bayani musamman a kan ikon tsara ciniki. Takardun mai shari'a Robert Jackson, wanda daga baya ya jagoranci masu gabatar da ƙara na Amurka a shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan yaƙi, sun nuna cewa da farko ya karkata ga mayar da ƙarar ƙaramar kotu don a ƙara tattaro hujjoji, kuma ya fahimci sarai cewa idan aka amince da wannan doka zai yi wuya a sake samun wata harkar tattalin arziki da kotu za ta ce ta fi ƙarfin majalisa.

Hukuncin ya fito ranar 9 ga Nuwamban 1942, kwana ɗaya bayan sojojin Amurka da na Birtaniya sun sauka a Arewacin Afirka, kuma dukan alƙalai takwas da suka zauna sun yi ittifaƙi, har da Roberts wanda ya rubuta hukuncin Butler shekaru shida da suka gabata. Jackson ya ajiye tsohon bambancin nan na samar da kaya da ciniki, da na tasirin kai tsaye da wanda ba na kai tsaye ba, ya ce ba sunan da aka laƙaba wa aiki ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ko yana da tasiri mai nauyi a kan cinikin tsakanin jihohi. Ya yarda cewa bushal 239 ba komai ba ne a kasuwar ƙasa, amma ya ce idan aka haɗa na Filburn da na ɗimbin manoman da ke cikin hali irin nasa, abin ya wuce a raina shi, domin alkamar da ake cinyewa a gonaki ita ce ɓangaren da ya fi kowane hawa da sauka, kuma bambancinta daga shekara zuwa shekara yakan wuce kashi 20 cikin 100 na matsakaicin abin da ake nomawa. Hujjar tana da fuska biyu. Alkamar da aka ce ta gida ce, idan farashi ya tashi za ta iya fitowa kasuwa ta danne shi, idan kuma ba ta fito ba, ta riga ta biya wa mai ita buƙatar da da kasuwa zai je ya biya. Duk wanda ya san yadda farashin gero ke yi a shekarar da rumbunan ƙauye suka cika, mutane suka daina zuwa awo, ya san cewa ta fuskar tattalin arziki wannan magana gaskiya ce.

Akwai wani gyara da ya kamata a yi wa yadda ake yawan ba da wannan labari, inda ake nuna Filburn tamkar talakan da aka ci tara don ya noma abin da iyalinsa za su ci. Bayanan da ke gaban kotu sun nuna cewa yana kiwon shanun madara yana sayar da madarar, yana kiwon kaji yana sayar da su da ƙwansu, kuma al'adarsa ita ce ya sayar da wani ɓangare na alkamar, ya ciyar da dabbobi da wani, ya niƙa kaɗan don gida, ya ajiye saura iri. Rarar da ake magana a kanta ta kai kusan tan shida da rabi, kimanin buhu 65 masu cin kilo 100, abin da ya fi ƙarfin burodin gida ɗaya nesa ba kusa ba. Dokar ma ta riga ta faɗaɗa ma'anar kai kaya kasuwa har ta haɗa da ciyar da dabbobin da za a sayar da su ko abin da suke samarwa, ta kuma keɓe ƙananan gonaki daga ƙa'idar. Saboda haka kotun tana iya tsayawa a kan cewa alkamar Filburn tana shiga kasuwa ne a siffar madara da ƙwai. Zaɓin da ta yi na yanke hukunci har a kan alkamar da ba za ta taɓa barin gona ba shi ne ya mayar da ƙaramar shari'a babba.

Inda hukuncin ya fi rauni, a ganina, shi ne yadda ya sallami ƙorafin da ya kai mutumin kotu tun farko. Game da jawabin rediyo, Jackson ya ce babu shaidar cewa wani ya kaɗa ƙuri'a bisa ruɗin da jawabin ya jawo, kuma kuskuren lafazin minista ba ya soke dokar majalisa, wanda za a iya karɓa. Game da tarar da ta riski shuka a gona kuwa, cewa ya yi ba shuka ce ta jawo ta ba, sussuka ce, kuma sussukar bayan gyaran doka aka yi ta, da Filburn ya yanke rarar ya ba dabbobi ita a matsayin harawa, ko ya ba su ita da zangarniya da kara, da babu wanda zai bi shi ko senti ɗaya. A takarda maganar ta zauna, amma ce wa manomi ya mayar da alkamar da ta nuna harawa ba wani zaɓi ba ne na gaske. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙarshe, cewa masu bin tsarin sun sami kimanin dala 1 da senti 16 a kowane bushal a 1941 alhali farashin duniya yana wajen senti 40, kuma Filburn na cin moriyar wannan tsadar da biyayyar wasu ta samar, don haka ba zalunci ba ne gwamnati ta tsara abin da take tallafa wa da kuɗinta. Jackson bai ɓoye cewa dokar tana fifita wasu manoma a kan wasu ba. Mai noman alkama zalla a filayen Kansas riba yake ci, mai gona irin ta Ohio da ke haɗa noma da kiwo kuwa ana tura shi ya sayi abin da zai iya noma wa kansa. Abin da ya ce shi ne irin wannan karon muradu majalisa ce wurin warware shi, kuma hikimar doka ko rashinta ba aikin kotu ba ne.

Kafin hukuncin ya cika wata huɗu, dalilin da ya haifi ƙa'idar ya gushe. Tun bayan dokar ba ƙawaye aron kayan yaƙi ta Maris 1941 da harin da Japan ta kai wa sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disambar wannan shekara, buƙatar nama da madara da ƙwai ta yi tashin gwauron zabi, Wickard da kansa yana shelar cewa abinci ne zai ci yaƙi, aka fara raba sukari da kati a 1942. Alkamar da ta cika sito aka koma sayar da ita a matsayin abincin dabbobi, wato daidai abin da Filburn ke yi da tasa, aka kuma riƙa sarrafa wata zuwa sinadarin da ake haɗa roba da shi don kayan yaƙi. A watan Fabrairun 1943 ma'aikatar noma ta dakatar da ƙa'idar tilas a kan alkama, ta koma roƙon manoma su ƙara shuka. Sai a shekarun 1950 aka dawo da ita, kuma a ƙuri'ar 1963 manoman alkama da kansu suka yi watsi da tsarin tilas ɗin da gwamnatin Kennedy ta gabatar musu.

Ikon da hukuncin ya tabbatar wa majalisa bai tafi tare da ƙa'idar ba, kuma an yi amfani da shi a wuraren da babu ruwansu da hatsi. A 1964, da Kotun Ƙoli ta amince da dokar da ta haramta wariyar launin fata a otal-otal da gidajen abinci, da wannan lissafi na tara ƙananan abubuwa ta ɗora dokar a kan wani gidan gasa nama na birnin Birmingham a jihar Alabama, wanda mai shi ya ce cinikinsa na unguwa ne kawai. Fiye da shekaru hamsin kotun ba ta soke wata dokar tarayya da hujjar cewa ta wuce ikon tsara ciniki ba, sai a 1995 da ta rushe dokar hana riƙe bindiga a kusa da makarantu, tana mai cewa wannan ba harkar tattalin arziki ba ce. A 2005 ta sake jingina da shari'ar alkamar ta ce tarayya na iya hana shuka tabar wiwi a gida don magani, ko da jihar Kalifoniya ta halatta. A 2012 kuma, a shari'ar dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, alƙalai biyar sun ja layi, inda babban alƙali John Roberts ya ce Filburn aƙalla wani aiki yake yi, noma yake, amma ikon tsara ciniki bai kai ga tilasta wa wanda ba ya yin komai ya shiga kasuwa ya yi sayayya ba. Wannan sashe na dokar ya tsira ne da aka ɗauki kuɗin da ake biya a kan rashin inshora a matsayin haraji.